Rami, ganga, tana ko tsutsa: wace hanya ce ta dace da sharar kicin ɗinka?

Duk wanda ya kife kwandon sharar gidansa ya rarraba abin da ke ciki zai ga leda da robobi ne suka fi cika ido, amma nauyin yana wajen ɓawo da ragowar abinci. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya na fitar da shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma kashi 44 cikin ɗari na wannan tarin abinci ne da ganyaye. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma ya haura rabi. Gidan da ke son rage abin da yake tura wa juji, idan bai fara da jiƙaƙƙiyar shara ba, ya bar babban aikin ya kama ƙarami.

Wannan jiƙaƙƙiyar sharar ce ke mayar da juji masifa. Da zarar wata shara ta danne ta, iska ta daina kai mata, sai ta ruɓe tana fitar da iskar metan. Wajen rabin iskar da ke tashi daga juji metan ce, tana riƙe zafi fiye da iskar kabon sau kusan 28 idan aka auna a tsawon shekara ɗari, kuma ita ke hura gobarar da ke kwana da kwanaki tana ci a manyan jujaye. Baƙin ruwan da ke tsiyaya daga gindin tarin yana bin ƙasa ya doshi ruwan sha. A watan Maris na 2017 tudun sharar Koshe da ke Adis Ababa ya zaftaro ya kashe mutane fiye da 100. Akwai kuma ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: kwali da takardar da mai ya jiƙa sun tashi aiki, babu mai sake sarrafa su.

Koriya ta Kudu ta hana binne ragowar abinci a juji tun 2005, Faransa kuma daga Janairun 2024 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa jama'a hanyar ware shi. Inda hukuma ke kwasar wannan shara daban, sai a ware a miƙa mata, magana ta ƙare. Inda babu, zaɓi ya koma hannun masu gida, kuma nan ne ake yawan yin kuskure: mutum ya ga hoton wani akwati mai kyau ya saya, bai taɓa auna abin da kicin ɗinsa ke fitarwa ba.

Awo kafin saye

A ajiye bokiti biyu na mako guda. Ɗaya na ɗanyen abu: ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen shayi, ɓawon ƙwai. Ɗayan na dafaffen abinci, mai, ƙashi, nama da kifi. A riƙa aunawa kowane dare ana rubutawa. Bokiti na biyu shi ne ke raba gardama, domin kusan kowace hanya tana iya cinye ɗanyen ɓawo, amma kaɗan ne ke iya ɗaukar nama da mai ba tare da wari da ɓeraye ba. Idan bokitin dafaffe ya fi na ɗanye nauyi, matsalar tana tukunya da cefane ne kafin ta zo kwandon shara. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kowane mutum ya zubar da abinci kilo 79 a gida. Rage yawan abin da ake ɗorawa a wuta ya fi kowane akwati arha.

Bayan nauyi, sai tambayoyi uku. Akwai ƙasar da za a iya tonawa, ko siminti ne ko'ina? Zafin wurin da za a ajiye kayan yana kai nawa da tsakar rana a watan da ya fi zafi? Sannan abin da ya fito a ƙarshe, taki ne ko ruwa ko tsutsa, ina zai je? Ta ukun ce aka fi tsallakewa. Wanda ya haɗa taki lita 40 a bene hawa na uku, ba shi da shuka kuma ba shi da wanda zai bai wa, ƙarshensa ya mayar da shi kwandon shara.

Rami

Hanyar da aka fi rainawa, kuma a ganinmu ita ce ta fi ƙarancin ba da kunya. A tona rami mai zurfin santimita 30 zuwa 45, a zuba ragowar kwana biyu ko uku, kaurinsa kada ya wuce santimita 10, a sassara shi da shebur ya gauraya da ƙasa kaɗan, a rufe da ƙasa aƙalla santimita 20, a taka. Babu juyawa, babu lissafin busasshe da ɗanye. Yana ɗaukar dafaffen abinci da ƙananan ƙasusuwa idan murfin ƙasar ya yi kauri. A ƙasa mai ɗumi da danshi abin yana narkewa cikin wata ɗaya zuwa uku, sai a shuka a kai. Wanda ke da ɗan lambu zai iya tona doguwar kwata yana rufewa kaɗan-kaɗan, shekara mai zuwa ya shuka a kanta ya tona wata a gefe.

Inda yake ɓaci: ramin da bai yi zurfi ba, karnuka da ɓeraye su tone. Ƙasar da ta bushe ƙayau, ɓawon sai ya zauna yadda aka zuba shi wata shida, don haka a kwara bokitin ruwa kafin a rufe. Ƙasar da ruwa ke kwanciya kuwa tana mayar da ramin ƙaramin juji mai ɗoyi. Kada a tona kusa da rijiya ko jikin ginin gida. Babban gazawarsa ita ce takin ba ya ɗaukuwa: inda aka binne nan zai yi amfani, kuma ƙaramin fili yana cika da wuri.

Tsibi mai zafi da ganga mai sanyi

Duka biyun aiki ɗaya ne, ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu son iska, su ne ke cin sharar, kuma abin da suke nema ɗaya ne: kabon wajen kashi 25 zuwa 30 ga kowane kashi ɗaya na naitirojin. A aikace wannan na nufin ma'auni biyu ko uku na busasshen abu, wato busassun ganye, yagaggen kwali, kara da aka daddatsa, ko dusar katakon da ba a yi wa fenti ko magani ba, ga kowane ma'auni ɗaya na ɗanyen ɓawo. Danshi kuma a tsakanin kashi 50 da 60 cikin ɗari. Gwajinsa da hannu ne: a dumtsa a matse, idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu daidai ne, idan ruwa ya zubo ya jiƙe da yawa, idan ya warwatse da an buɗe hannu ya bushe.

Tsibi mai zafi shi ne wanda littattafan lambu suka fi yabo, kuma ya cancanta. Tun aikin masanin noma ɗan Birtaniya Albert Howard a Indore ta ƙasar Indiya, wajen shekarun 1920, aka tsara yadda ake jera shi hawa-hawa. Idan ya kama, cikinsa yana kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selshiyos cikin kwana biyu zuwa huɗu, zafin da ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta idan ya daɗe kwana uku ko fiye. Idan ana juya shi kullum ko bayan kwana biyu, ana mayar da na gefe tsakiya, kamar yadda tsarin Jami'ar Kaliforniya a Berkeley ya koyar, ana iya samun taki cikin mako uku, sai a bar shi ya huce wasu makonni. Idan ya haura digiri 70 a juya nan take, domin ƙwayoyin da ke aikin su ma mutuwa suke yi.

Amma ga lissafin da ba a faɗa. Tsibi ba ya riƙe zafi sai ya kai mita ɗaya tsawo, faɗi da bisa, wato lita 1,000, kuma a haɗa shi a rana ɗaya. Gidan da ke fitar da kilo ɗaya na ɓawo a rana yana da kamar lita 2, a ƙara busasshe lita 6, an sami lita 8. Sai an fi wata huɗu kafin a tara mita guda, kuma kafin nan na farko ya riga ya ruɓe. Tsibi mai zafi na mai babban lambu ne, ko mai dabbobin da ke ba shi kashi da shimfiɗa, ko maƙwabta biyar-shida da suka haɗa kai. Gida ɗaya da ɓawon kicin kawai ba zai taɓa ganin digiri 60 ba, kuma wannan ba gazawarsa ba ce.

Abin da ya dace da shi ganga ce. A sami duro mai cin lita 200, a cire gindinsa, a huda jikinsa huda mai faɗin santimita ɗaya a tazarar kamar tafin hannu, a dasa shi a kan ƙasa a inuwa. Ƙarƙashinsa a shimfiɗa ragar ƙarfe mai idon milimita 6. Ragar kaji ba ta tare ɓera. A fara da kara ko ƙananan rassa santimita 10 don iska ta shiga ta ƙasa. Daga nan duk lokacin da aka zuba ɗanye a rufe shi da busasshe har kada a ga ɓawo ko ɗaya. Sau ɗaya a mako a soka sanda a motsa. A wuri mai ɗumi wata uku zuwa huɗu ya isa, a ƙasar sanyi sai wata shida zuwa shekara. Ganga biyu ake so, ɗaya na cika ɗaya na nuna, in ba haka ba kullum sabon ɓawo na cakuɗe da takin da ya kusa nuna.

Hanci ne ke faɗin abin da ya lalace. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai: ruwa ya yi yawa, iska ta toshe, a zuba yagaggen kwali a juya har ƙasa. Wari mai hawa kai irin na fitsari: ɗanye ya rinjayi busasshe, naitirojin ne ke tserewa, a ƙara busasshe. Babu wari, babu canji, tururuwa sun kafa gida: ya bushe, a yayyafa ruwa ana juyawa. Ƙananan ƙudaje na tashi da an ɗaga murfi: an bar ɓawon 'ya'yan itace a fili. Ɓera kuwa dafaffen abinci ne ya kira shi, shi ya sa ganga ba ta karɓar nama, kifi, madara ko mai. Toka ana iya barbaɗa ɗan kaɗan, amma da yawa tana kore naitirojin. Kashin kare da na kyanwa ba ya shiga ko kaɗan, tunda zafin ganga ba ya kai ya kashe abin da ke cikinsa.

Kusan duk gangar da ta mutu, rashin busasshen abu ne ya kashe ta. Ɓawo yana zuwa kullum da kansa, busasshe kuwa sai an tanada. Buhun yagaggen kwali ko busassun ganye da ke jingine jikin gangar ya fi duk wani magani da ake sayarwa da sunan hanzarta taki. Akwai ganga mai juyawa a kan ƙarfe, tana tare ɓera sosai, sai dai idan ta jiƙe abin cikin yana dunƙulewa curi-curi, kuma idan ta wuce kashi biyu cikin uku juyata aiki ne.

Taki ya nuna idan ya yi baƙi-baƙi, ba a gane abin da aka zuba, yana ƙamshin ƙasar da ruwa ya sauka a kai. Mai shakka ya ɗaure ɗan dumtse a leda kwana uku. Idan ya buɗe ya ji tsami ko ɗoyi, da saura.

Bokashi

Wannan ba haɗa taki ba ne, tsima abinci ne ba tare da iska ba. Ya yaɗu ne daga Japan bayan aikin Farfesa Teruo Higa na Jami'ar Ryukyus a Okinawa, a shekarun 1980. Ana amfani da bokiti mai cin lita 15 zuwa 20, mai murfin da ke rufewa ruf, da rariya a ciki da famfo a gindi. A zuba ragowar yini sau ɗaya, a danne sosai, a barbaɗa cokali ɗaya ko biyu na dusar bokashi, wato dusa ce da aka cuɗa da ƙwayoyin da ke sa tsami, a kan kowane santimita 3 zuwa 5, a rufe. Bayan kwana biyu-uku a tsiyaye ruwan gindi. Idan ya cika a bar shi mako biyu ba a buɗe ba, ana cika na biyu.

Ƙarfinsa a fili yake: yana cin nama, kifi, dafaffe, ɓawon lemo da albasa, yana zama a cikin kicin, babu ƙuda. Farar fumfuna da ƙamshin tsami alamar lafiya ce. Baƙa ko koriyar fumfuna da ɗoyi na nufin iska ta shiga, ko dusa ta yi kaɗan, ko an bar ruwa ya taru. Ruwan da ake tsiyayewa mai tsami ne ƙwarai, sai an sirka kashi ɗaya da ruwa kashi 100 kafin a ba shuka, kuma a yi amfani da shi a ranar.

Rauninsa biyu ne. Dusar sai an ci gaba da saye ko haɗawa. Na biyu ya fi girma: bayan mako biyun, abin da ke bokitin yana nan da kamanninsa, ƙashi ƙashi ne, ɓawo ɓawo ne. Dole a binne shi a zurfin santimita 20 zuwa 30, a jira mako biyu zuwa huɗu kafin a shuka, domin tsaminsa na ƙona saiwa. Marar fili zai iya cuɗa shi da tsohuwar ƙasar tukwanen shuka a cikin babban baho, kashi ɗaya ga ƙasa kashi biyu, ya rufe wata guda. Wanda ba shi da ko wannan, bokashi ba zai fisshe shi ba. Inda ya fi haskakawa shi ne a haɗa shi da ganga ko rami: shi ya ɗauki bokitin dafaffe, ganga ta ɗauki na ɗanye.

Tana

Takin da tana ke kasayarwa ya fi kowanne laushi da kyau, kuma akwatin yana zama a baranda ko ƙarƙashin matakala. Ba kowace tana ba ce. Ta cikin ƙasar lambu mai nutsewa ce, ba ta zama a akwati. Wadda aka fi kiwo jar tana ce mai suna Eisenia fetida, tana son digiri 15 zuwa 25. A wurare masu ɗumi Eudrilus eugeniae ta fi dacewa, tana jin daɗin 25 zuwa 30 amma sanyi na kashe ta. Dukansu idan shimfiɗarsu ta doshi digiri 35 mutuwa suke yi, wani lokaci cikin yini ɗaya. Duk wanda barandarsa ke shan rana ya auna zafin wurin tukuna.

Faɗin akwati ya fi zurfinsa muhimmanci. Santimita 20 zuwa 30 ya isa, da huda a gindi da gefe. A cika kashi biyu cikin uku da jiƙaƙƙen yagaggen kwali da dumtsen ƙasa. Ana yawan cewa tana na cin rabin nauyinta a rana. Wannan sai komai ya daidaita. Sabon akwati mai tana rabin kilo a fara shi da giram 100 zuwa 150 a rana, a binne a kusurwa ɗaya, kada a ƙara sai na baya ya kusa ƙarewa. Yawan ciyarwa shi ne ajalin yawancin akwatuna: abinci ya taru, ya yi tsami, ya ɗau zafi, tanar ta hau bango tana neman mafita. Niƙaƙƙen ɓawon ƙwai yana rage tsami. Ba sa son gishiri, mai, nama, barkono, ko lemo da albasa da yawa. Idan tururuwa suka matsa, a sa ƙafafun akwatin cikin gwangwanayen ruwa. Ana kwasar taki bayan wata uku zuwa shida: a koma ciyarwa a gefe ɗaya mako biyu-uku, su ƙaura can, a kwashe ɗayan gefen.

Gaskiyar magana, wannan kiwo ne. Ya dace da gidan mutum biyu ko uku masu tukwanen shuka da haƙurin dubawa. Babban gida zai fi ƙarfin akwati ɗaya nesa ba kusa ba.

Tsutsar baƙin ƙuda

Inda tana ta gaza saboda zafi, nan wannan ke cin kasuwarta. Ƙudan, Hermetia illucens, baƙi ne dogo mai kama da zanzaro, ba ya cizo, ba ya bin abincin mutane a ɗaki, kuma kwanakinsa bayan ya yi fiffike kamar mako guda ne. Tsutsarsa ce ke aikin. A zafin digiri 27 zuwa 30 tana girma cikin mako biyu zuwa uku, tana cin kusan komai mai laushi, har da nama da dafaffe, da saurin da tana ba ta kusa da shi, kuma tana rage nauyin sharar da rabi ko fiye. Busasshiyar tsutsar tana ɗauke da furotin wajen kashi 40 cikin ɗari, abinci ne na gaske ga kaji da kifi.

A wurare masu ɗumi macen kan zo da kanta. A rataya guntun kwali mai ramuka a saman abincin, cikin ramukan take saka ƙwai. A yi wa akwatin gangara mai karkata digiri 30 zuwa 45 da ke ƙarewa a bakin wani ƙaramin bokiti: tsutsar da ta gama ci takan yi duhu ta nemi busasshen wuri, ta hau gangarar ta faɗa bokitin da kanta. Abin kiyayewa shi ne ruwa da kauri. Abinci mai ruwa yana nutsar da su ya tayar da ɗoyi, don haka gindin akwatin ya zama mai tsiyaya. Su kansu suna tayar da zafi, idan abincin ya wuce santimita 10 kauri za su iya dafa kansu. Ba sa cin itace, busasshen ganye ko kwali. Abin da suka bari kaɗan ne kuma ɗanye, sai ya ƙara nuna a ganga. Da zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 aikin ya yi sanyi. Mai neman taki mai yawa ba nan zai samu ba. Mai kaji ko tafkin kifi kuwa da wuya ya sami abin da ya fi wannan.

Tankin gas

Shi ne mafi tsada, kuma mafi jan hankali, tunda metan ɗin da ke zama bala'i a juji nan ana kama shi a dafa abinci. Ƙaramin tanki na gida yana cin mita kubik ɗaya zuwa biyu. Ana tayar da shi da ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a jira mako biyu zuwa huɗu har iskar ta kama wuta, sannan a fara ba shi abinci kaɗan-kaɗan, a daddatse, a sirke da ruwa. Kilo ɗaya na ragowar abinci yana ba da gas wajen lita 100, kan murhu ɗaya kuma yana shan lita 200 zuwa 400 a awa. Gidan da ke da kilo 2 a rana zai sami wutar rabin awa zuwa awa ɗaya. Taimako ne, ba zai maye tukunyar gas ba.

Ya fi aiki a digiri 30 zuwa 38, ƙasa da 20 gas ɗin ya ja baya. Cutarsa ita ce tsami: aka cika masa abinci lokaci ɗaya, ƙwayoyin da ke yin tsami su riga masu yin metan, wuta ta daina kamawa. Maganin a daina ciyarwa mako ɗaya ko biyu a ƙara kashin shanu. Ruwan wanki mai bilic ko sabulu da yawa na kashe shi. Ruwa na taruwa a bututun gas, a yi masa wurin tsiyaya a inda ya fi gangarowa. A waje ake dasa shi, nesa da wuta. Sannan duk lita da ta shiga, lita ce za ta fito ta ɗaya ɓangaren, ruwan taki kullum, dole a sami lambun da zai sha shi.

Hanyoyin da ke buƙatar taka-tsantsan

Ba dabbobi ɗanyen ɓawo mai tsabta hanya ce mai kyau, amma banda mai fumfuna, banda wanda ya taɓa nama, kuma a tsince leda tsaf, domin tana taruwa a tumbin awaki da shanu har ta kashe su. A duba doka kuma. Annobar cutar baki da kofato da ta sa aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya a 2001 an danganta ta da ragowar abincin da aka ba aladu, kuma tun daga nan Tarayyar Turai ta haramta ciyar da dabbobin kiwo da ragowar kicin.

Injin lantarki da ake tallata shi da sunan mai haɗa taki cikin 'yan awoyi, busarwa da niƙawa kawai yake yi. Garin da ke fitowa abinci ne busasshe. Da ya jiƙe zai yi fumfuna ya ci gaba da ruɓewa. Yana rage wari da girma, yana shan wuta, kuma har yanzu sai an nema wa garin ƙasa. Ƙonawa kuwa ba ta cikin zaɓi. Jiƙaƙƙen abu ba ya ci da kyau, hayaƙi yake yi, kuma idan akwai roba a ciki, musamman irin ta bututun ruwa, hayaƙin na ɗauke da dafin da ke taruwa a jiki da ƙasa.

To wanne?

Mai ɗan fili, ko da faɗin tabarma biyu ne, ya kafa ganga biyu don ɗanye, ya riƙa binne ɗan dafaffen da ya rage a rami mai zurfi. Wannan haɗin ne muke fara ba kowa shawara, domin ba ya mutuwa idan aka yi tafiyar mako uku aka bar shi. Idan dafaffen da yawa ko tono na da wuya, bokashi ya shiga tsakani. Mai zama a bene da tukwanen shuka: tana idan wurin na da sanyi kuma bokitin ɗanye ne ya fi nauyi, bokashi da bahon ƙasa idan da zafi ko dafaffe ya fi yawa. Marar shuka gaba ɗaya ya fara neman mai karɓa, maƙwabci mai lambu ko mai renon itatuwa, ya riƙa tara ɓawon a rufaffen bokiti ko a firiza zuwa ranar miƙawa. Mai kaji ko kifi a wuri mai zafi, tsutsar baƙin ƙuda. Tankin gas sai gidan da ke da kilo 2 zuwa sama kullum ba fashi, da rana, da lambu.

Kowace aka zaɓa, a fara da rabin sharar a watan farko. Ƙwayoyi da tana da tsutsa duk sai sun yawaita kafin su iya ɗaukar cikakken kaya.

Da an cire jiƙaƙƙe, sauran kwandon ya zama busasshe, ba ya wari, kuma yana da masu so. A ɗauraye gwangwani da gora a bari su bushe, a taka su, a ɗaure kwali daban. Alminiyon ya fi kowa daraja, sake narka shi na cin kashi 5 ne kawai cikin ɗari na wutar da ake buƙata wajen yin sabo. A robobi a duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku a gindi: 1 da 2 su ne aka fi karɓa, 5 wani wurin, sauran da wuya. Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da bunƙasa (OECD) ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin ɗari ne kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa, don haka jakar cefane da gorar ruwan da ake sake cikawa sun fi dogaro da sarrafawa. Batir, musamman na waya, kada ya shiga kwando: idan aka murƙushe shi a motar shara ko a juji yana kama wuta, sai a manne bakinsa da salatif a kai inda ake karɓa. Ledar da aka rubuta wa cewa tana ruɓewa kuwa, yawancinta sai a zafin manyan masana'antun taki take narkewa. A gangar gida za a tarar da ita bayan shekara tana nan, sai dai ta yayyage ta ɓata takin.